Ƙarfen da Ya Kori Wuri: Nikel a Tarihin Manomin Sukuntuni

Idan aka tambayi dattijon Sukuntuni, a yankin Kankiya da Kusada, ko ya taɓa jin sunan nikel, da wuya ya amsa. Amma da an ambaci anini, ko kwabo mai huda da tauraro a jikinsa, nan take zai tuna. Nikel na cikin abin da aka ƙera waɗannan kuɗi da shi, kuma ta hanyoyi biyu ya shiga rayuwar manomin ƙasar Katsina: ɗaya a tafin hannunsa, ɗayar kuma a can Turai, inda idonsa bai taɓa kaiwa ba.

Shi dai nikel farin ƙarfe ne mai tauri, mai jure tsatsa da zafi. Masu haƙar ma'adinai na ƙasar Jamus sun daɗe suna cin karo da wani jan dutse da suke zaton jan ƙarfe ne, amma duk yadda suka narka shi ba su samun komai, sai suka ɗora laifin a kan wani aljanin tatsuniyarsu mai suna Nikel. A shekarar 1751 masanin nan na ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya fitar da sabon ƙarfe daga dutsen, ya bar masa sunan aljanin. Bai wadata a kasuwa ba sai bayan da aka gano shi da yawa a tsibirin Sabuwar Kaledoniya a 1864, da kuma Sudbury ta ƙasar Kanada a 1883.

Hanya ta farko ita ce ta kuɗi. Lokacin da Turawa suka shigo Katsina a 1903, wuri ne kuɗin talaka, kuma cinikin da ya yi kauri sai an nemi jaki ya ɗauki kuɗinsa. Gwamnatin mulkin mallaka tana buƙatar kuɗin da za ta karɓi haraji da shi, ta kuma biya ma'aikata. A 1907 aka buga kwabo da haɗin jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25. Anini, wanda goma ne a kwabo, da alminiyam aka fara yin sa, amma bai jure ba, don haka a 1908 aka mayar da shi haɗin nikel. An huda tsakiyarsu don a riƙa shirya su a zare kamar yadda ake yi wa wuri, aka kuma rubuta darajarsu da haruffan Larabci domin mutanen da suka tashi da allo. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, wuri ya yi ta ja da baya har ya zama abin ado. Harshe ma ya riƙe shaida: har gobe idan hafsan soja ya samu ci gaba, ƙarin anini ake cewa an yi masa.

Sai dai haraji da kwabo yana nufin dole manomi ya noma abin da za a saya da kwabo. A nan ne hanya ta biyu ta ɓullo. A 1897 Bafaranshe Paul Sabatier ya gano cewa garin nikel yana sa iskar haidurojin ta haɗu da wasu sinadarai cikin sauƙi, shi kuma nikel ɗin ya fito yadda ya shiga. A 1902 Bajamushe Wilhelm Normann ya yi rajistar amfani da wannan dabara wajen daskarar da man tsirrai. Da haka man gyaɗa mai ruwa ya zama abin da za a iya shafawa a burodi a madadin man shanu, wanda ya yi wa leburorin Turai tsada. Masana'antu suka buɗe baki suna neman mai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za ta cika taragunsa domin masaƙun Ingila, amma daga kakar 1912 gyaɗa ce ta mamaye su, saboda manomi ya auna farashi ya ga inda riba take. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka suna saye, kuma yankin Kankiya, da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, yana cikin ƙasar da wannan ciniki ya ratsa. Ashe nikel ne ya ƙara wa gyaɗa daraja a Turai, kuma da kuɗin nikel aka biya wanda ya noma ta. Ribar sarrafawa ta zauna can, manomi ya tashi da ladan fartanya. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, ga kuma hankalin gwamnati ya koma kan fetur, sai dalar gyaɗa ta zama labari.

Nikel kuwa bai tsufa ba. Sisi da sule na 1959, da kwabo biyar, goma da ashirin da biyar na 1973, duk da haɗinsa aka buga su. A yau kusan kashi biyu cikin uku na nikel ɗin duniya yana tafiya ne wajen yin ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda ake cokula da kwanukan jeren amarya da kayan aikin tiyata da shi. Ana sa shi a injin jirgin sama domin jure zafi, ana kuma neman sa ruwa a jallo saboda batirin motocin lantarki.

Abin da ya sa wannan tarihi ya zama darasi shi ne, a 2016 an ba da sanarwar gano nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Ƙarfen da muka sani baƙo ya zama ɗan gida. Ƙasar Indunusiya, wadda ta fi kowa haƙo shi, ta hana fitar da ɗanyen dutsensa tun daga Janairun 2020, domin ta tilasta wa kamfanoni gina matatu a cikinta. Matakin ya kawo masana'antu da ayyukan yi, ya kuma jawo sarar dazuzzuka da gurɓatar ruwa, don haka akwai abin koyi a cikinsa, akwai na gudu.

Kakannin mutanen Sukuntuni sun sayar da gyaɗa ɗanya suka karɓi anini. Idan jikokinsu suka zuba ido aka kwashe ma'adinan Arewa ɗanye, su kuma suka ci gaba da sayen cokalin da aka ƙera a wata ƙasa, to an maimaita cinikin 1912 ke nan. Bambancin kawai, gyaɗa ana sake shuka ta kowace damina, dutsen da aka haƙe kuwa ba ya tofowa.