Al-Fadil Sa'id, jagoran wasan barkwanci a Sudan

Al-Fadil Sa'id na cikin waɗanda suka share fagen wasan kwaikwayo na barkwanci a Sudan. A shekarar 1955 ya kafa ƙungiyar matasa 'yan wasan barkwanci, tun kafin a buɗe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Omdurman a 1959. Da Larabcin kasuwa yake wasa, ba na littafi ba, shi ya sa har wanda bai yi makaranta ba yake gane shi. Ya fi shahara da Bit Guddaim, tsohuwa mai kaifin baki. Shi da kansa yake shigarta, ya yi ta caccakar halayen jama'a ta bakinta, ana dariya. Wasansa "Akl Aish" ya fito a 1967. Ya rasu a Port Sudan a 2005.