Kurakurai wajen kwashe tarihin manhaja daga Subversion zuwa Git

Masu rubuta manhaja suna ajiye kowane gyara da suka yi a wani rumbu na musamman, tare da sunan wanda ya yi shi, da ranar, da dalilinsa. Idan aka tashi sauya rumbu, kamar daga Subversion zuwa Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, sai an kwashe wannan tarihi dukansa, kuma a nan ne kurakurai ke kunno kai.

Wanda aka fi cin karo da shi na sunaye ne. Subversion gajeren suna kawai yake riƙewa, Git kuwa yana son suna da adireshin imel. Don haka akan shirya jerin da ke haɗa su. Idan git svn ya tarar da sunan da babu shi a jerin, sai ya tsaya cak. A ƙara sunan, a sake kunna shi, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Shi kuwa git fast-import, idan aka ba shi bayanin da bai gane ba, yakan daina aiki ya rubuta rahoto mai suna fast_import_crash a cikin rumbun, ɗauke da umarnin ƙarshe da ya karanta. Ba ya taɓa rassan aikin a lokacin, amma yana adana abin da ya riga ya shigar. Wanda ya sa masa --export-marks tun farko zai sami lambobin gyare-gyaren da suka shiga, ba sai ya koma tushe ba.

Irin wannan kuskure mai sauƙi ne, tunda ya nuna kansa. Mai haɗarin shi ne wanda ke wucewa shiru: manhajar da ke turo bayanan ta mutu a tsakiya, fast-import ya ɗauka an gama, a wayi gari tarihin shekaru ya ɓace ba wanda ya lura. Maganinsa --done, wanda ke sa ya ƙi karɓar aikin muddin bai ga kalmar rufewa ba.

A Janairun 2020 aka mayar da GCC zuwa Git da reposurgeon na Eric Raymond. Gyare-gyaren sun kai kusan 280,000, wasunsu tun zamanin CVS, kuma sai da aka sake rubuta reposurgeon daga Python zuwa Go kafin ya iya ɗaukar nauyin.