Daga Littafin Haraji Zuwa Rumbun Bayanai

Tun kafin kwamfuta ta iso ƙasar Katsina, malaman haraji sun sha fama da matsalar da mu masu tsara rumbun bayanai muke fama da ita yau. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, aka kafa baitulmalin En'e a Katsina, lissafin haraji da jangali ya koma kan takarda. A Ketare, kamar sauran gundumomi, kowane magidanci yana ƙarƙashin mai unguwa, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci kuma yana ƙarƙashin hakimi. Duk sunan da ya shiga littafi, akwai wanda zai amsa a kansa.

Sai dai suna kaɗai ba ya isa shaida. Unguwa ɗaya kan tara Musa biyar, dole malami ya ƙara sunan uba ko sana'a ko laƙabi, ya ce Musa Maƙeri, Musa Dogo. Idan kuma mutum ya rasu ko ya yi ƙaura ba a cire sunansa ba, littafi na nan yana neman kuɗi a kansa, nauyin ya faɗa wa dangi. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta, amma sunaye marasa masu su ba su ƙare ba.

Shekara tara kafin nan, a 1970, Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya kawo tsarin da muke bi har yanzu: a raba bayanai jadawali-jadawali, kowane layi da lambarsa da ba ta maimaituwa. Jadawalin albashi ba ya ɗauke da tarihin ma'aikaci, lambarsa kawai yake riƙewa. Daga nan ƙa'ida ta fito: ba a yarda a rubuta lamba a jadawalin albashi ba sai tana cikin jadawalin ma'aikata. In za a goge ma'aikaci kuwa, tun farko mai tsari ya yanke: ko na'ura ta ƙi, ko ta goge shi tare da duk abin da ya rataya gare shi. Wannan ƙa'ida ta shiga ma'aunin harshen SQL a 1989.

Amma ƙa'idar ba ta hana a cusa sunan ƙarya a jadawalin ma'aikatan kansa, sai an ɗaure shi da wata shaida ta waje. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. Da aka gwada jerin albashin gwamnatin tarayya da ita, a Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta sanar da cire ma'aikatan bogi 23,846. A ƙarshen 2020 kuma aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN.

Nan ne wata wahalar ta bayyana. Mai unguwa ya san Mamman shi ne Muhammadu, na'ura ba ta sani ba. Manomin da aka rubuta sunansa iri biyu a ofis biyu kan yi ta zarya zuwa Ƙanƙara ko Funtuwa kafin a daidaita masa. Saboda haka duk wanda aka ba aikin tsara rajistar taki ko ta fansho, ya ɗaure jadawalansa da lamba tun ranar farko, ya kuma bar ƙofar gyara kusa da mutanen da aka rubuta.