Jirgin Umbria: Rumbun Bam da Ya Zama Gidan Kifi a Bahar Maliya

Mu nan Bafarawa da Isa da Sabon Birni, babban ruwan da muka sani shi ne gulbin Rima idan damina ta yi nisa, sai kuma madatsar Goronyo. Ruwa ne mai laka, wanda ya nutsa ciki ko tafin hannunsa ba ya gani. Yau zan kai ku wani ruwan dabam, garau kamar madubi, wato Bahar Maliya, wadda kuka sha jin sunanta tun kuna ajin Lahadi.

A gaɓar wannan teku akwai birnin Port Sudan, kuma ba baƙon wuri ba ne ga mutanen ƙasar Sakkwato. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno. Masu tafiya Makka da ƙafa kuwa a wannan gaɓa suke jiran jirgin Jidda, waɗansu a nan suka yi zamansu. Har yau ana jin Hausa a birnin.

A bakin tashar, kusa da wani tudun murjani da ake kira Wingate, akwai jirgin ruwa kwance a gefensa na hagu. Sunansa Umbria, tsawonsa ya haura mita 150. A Hamburg ta Jamus aka ƙera shi kafin yaƙin duniya na farko, Italiya ta saye shi a 1935. A watan Mayu na 1940 aka loda masa kaya a tashoshin Italiya: bama-bamai kusan 360,000, da buhunan siminti, da motoci ƙirar Fiat, da kwalaben giya. Massawa ya nufa, a Eritiriya, wadda ke hannun Italiya a lokacin.

Italiya ba ta shiga yaƙi ba tukuna, amma kowa ya san saura ƙiris. Ingila ba ta da hujjar ƙwace jirgin, sai ta shiga jan ƙafa. Jirgin yaƙinta Grimsby ya bi Umbria a baya, ya tsayar da shi a bakin Port Sudan wai za a binciki kaya. Sojoji suka hau, suka yi ta bincike ba gaggawa, suna jiran sanarwa.

Ran 10 ga Yuni, kyaftin ɗin jirgin, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyonsa cewa ƙasarsa ta shelanta yaƙi. Sojojin da ke tsaronsa ba su ji ba tukuna. Sai ya nemi izini a wurin hafsansu wai zai gwada wa ma'aikatansa yadda ake sauka cikin kwale-kwalen ceto. Aka ba shi. Ana cikin wannan, mutanensa na can ƙasa suna buɗe wa ruwa hanya. Kafin Turawan Ingila su farga, jirgi ya fara karkata. Kowa ya fita da rai, aka kama kyaftin da mutanensa aka tsare.

Ku lura da abin da ya haɗa mu da wannan labari. A farkon 1941 sojojin Najeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni, sun yaƙi Italiya a gabashin Afirka, suka shiga Mogadishu a Fabrairu, suka wuce Harar ta Habasha. Da Umbria ya isa Massawa, kayansa na iya sauka a kan kakanninmu. Da kuma Ingila ta ƙwace shi, a kan 'yan'uwan kyaftin za su sauka. Ban ce mutumin ya yi don ƙaunar salama ba, kishin ƙasarsa ya yi. Amma tsakanin wayon wannan da wayon wancan, bam ko ɗaya bai tashi ba.

Daga nan teku ta karɓi aikinta. Murjani, wanda iyayenmu mata suka sani a matsayin dutsen ado, halitta ce mai rai. 'Ya'yansa kan yi yawo cikin ruwa har su sami abu mai tauri su manne, kuma yawancinsa yana son hasken rana, shi ya sa ba ya yin nisa ƙasa. Umbria ya ba shi duka biyun: gefensa na sama bai fi 'yan mitoci daga fuskar ruwa ba, mafi zurfinsa kuma bai kai mita 40 ba. A 1949 Hans Hass, ɗan ƙasar Ostiriya, ya nutsa ya ɗauki hotunansa, duniya ta san da shi.

Mai ninƙaya da tabarau da ɗan bututun shaƙar iska yana iya kwanciya a saman ruwa ya kalli jirgin, ƙarfe ya ɓace a ƙarƙashin murjani, kifaye masu launi suna shiga suna fita ta tagogi. Mai goyon tukunyar iska shi ke sauka ciki, ya ga motocin Fiat guda uku a ajiye, da kwalabe a warwatse, da buhunan siminti da suka daskare suka zama dutse. Can kuma ga bama-baman, jere kan jere, kamar buhunan gero a rumbu. Ba a kwashe su ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023, masu zuwa nutso daga ƙasashen waje suka ɗauke ƙafa. A lokacin gwamnatin ƙasar ta koma Port Sudan da zama, kuma ta filin jirgin saman birnin aka kwaso waɗansu ɗalibanmu zuwa gida a wannan shekara, ba nisa da inda Umbria yake kwance da kayansa.