'Yan mazan jiya da likitoci a arewacin Benin: inda saɓani yake tasowa

A Djougou da Parakou, 'yan mazan jiya iri biyu ne. Akwai dattawan da suka yi wa Faransa aikin soja kafin Dahome ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Agusta 1960, waɗanda yanzu kaɗan ne suka rage, sai matansu da 'ya'yansu. Akwai kuma sojojin Benin da suka yi ritaya ko suka ji rauni a bakin aiki. Dukkansu haƙƙinsu na magani da na kuɗin naƙasa yana rataye ne a kan abin da likita ya rubuta a takarda.

Asalin lamarin

Faransa ta kafa rundunar tirailleurs sénégalais a 1857, daga baya ta riƙa ɗibar samari daga duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma. A arewacin Dahome ɗibar soja ta dole na cikin abin da ya haddasa boren Bio Guéra a Borgou a 1916, da na Kaba a Atacora. Waɗanda aka ɗauka sun yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sannan yaƙin Indochine (1946 zuwa 1954) da na Aljeriya (1954 zuwa 1962). Da yawa sun dawo da harsashi a jiki, ko ciwon ƙirji, ko taɓin hankali, kuma ba kowane ciwo aka rubuta a littafin soja ba.

Abubuwa uku da ake jayayya a kansu

Na farko shi ne dangantakar ciwon da aikin soja. Dokar Faransa ta fanshon naƙasa tana son a tabbatar cewa a bakin aiki aka samu raunin ko cutar. Idan likitan soja ya rubuta ciwon a lokacin, magana ta zo da sauƙi. Idan sai bayan shekaru ashirin ya bayyana, tsohon sojan ne zai kawo hujja, kuma likita yana iya cewa tsufa ne kawai.

Na biyu shi ne ma'aunin naƙasa. Likitan da hukuma ta amince da shi ne yake duba mutum ya yanka masa kaso cikin ɗari. Rauni sai ya kai kashi 10 kafin a biya komai, cutar da aka ɗauka a zaman lafiya kuwa sai ta kai kashi 30. Wanda ciwonsa ya tsananta yana iya neman a sake dubawa, amma ba a ƙara kuɗi sai sabon ma'auni ya ɗara na da da maki 10.

Na uku shi ne magani kyauta. Mai fanshon naƙasa yana da haƙƙin magani ba tare da biya ba, amma ga ciwon da aka rubuta masa kaɗai. Wanda ake biya saboda raunin ƙafa, in hawan jini ko ciwon suga ya kama shi, daga aljihunsa zai saya. Nan ne ake yawan ganin laifin likita, alhali doka ce ta ɗaure masa hannu.

Daskarar da fansho

Wata doka ta 26 ga Disamba 1959 ta tsayar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka sami 'yanci a kan adadin wancan lokaci, abin da ake kira cristallisation. Rauni ɗaya, ma'auni ɗaya, amma Bafaranshe yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da ɗan Afirka yake karɓa. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wannan wariya ce. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun Conseil d'État ta ba Amadou Diop, tsohon soja ɗan Senegal, gaskiya bayan ya riga ya rasu. An daidaita fanshon naƙasa a 2007, sauran kuma daga Janairun 2011. A farkon 2023 Faransa ta janye sharaɗin zaman wata shida a ƙasarta kowace shekara ga tsoffin tirailleurs masu karɓar tallafin tsufa.

Sojojin Benin na yau

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a iyakar Burkina Faso da Nijar, gwamnati ta kafa rundunar Mirador a 2022. Harin 17 ga Afrilu 2025 a dajin W kaɗai ya ci rayukan sojoji 54 bisa ga bayanin gwamnati. A ƙarshen 2022 majalisar dokoki ta amince da dokar kula da waɗanda suka ji rauni a aikin da aka tura su, da magadan waɗanda suka rasu. A nan ma rahoton likita ne mabuɗi. An gina asibitin soja, Hôpital d'Instruction des Armées, a Parakou, mai nisan kimanin kilomita 135 daga Djougou. A Djougou kanta akwai asibitin Ordre de Malte.

Idan ba a yarda da hukuncin likita ba

Abu na farko shi ne adana takardu: littafin soja, takardar sallama daga asibiti, hotunan ƙashi da takardun magani. Asali ya zauna a gida, kwafi ake miƙawa. A nemi likita ya rubuta sunan ciwon, da lokacin da ya fara, da abin da yake hana mutum yi. Dattijon da Hausa ko Dendi ya fi ji, ya tafi da ɗa ko jika mai jin Faransanci, domin kalma ɗaya da aka fassara ba daidai ba tana iya rage ma'auni.

Masu fanshon Faransa suna bi ta ofishin jakadancinta a Kwatano. Tun 1 ga Nuwamba 2019, wanda bai gamsu ba sai ya fara kai kuka gaban Commission de recours de l'invalidité kafin ya je kotu, kuma akwai wa'adi, saboda haka a duba ranar da ke kan wasiƙar hukunci.