WA YA SACE MANA JIYA?



Akwai wata magana da ke yawo a gidajen biki da zauren hira, wai duniyar nan an taɓa ta. Wata ta ce ta tuna abu kaza sarai, amma da aka duba takarda sai aka ga ba haka ba. Wata kuma ta ce ai Turawa suna da injin da ke mayar da mutum zamanin da ya wuce, kamar yadda ake nunawa a fim, su je su gyara abin da suka ga dama, mu kuwa mu wayi gari da tunanin da ba namu ba.

Wannan zargi ba mu muka fara shi ba. A shekarar 2009 wata mata a Amurka, Fiona Broome, ta ce ita fa ta tuna Nelson Mandela ya mutu a kurkuku tun shekarun 1980. Mutane da yawa suka ce su ma haka suka tuna. Alhali an saki Mandela a 1990, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, bai rasu ba sai 2013. Maimakon su ce mantuwa ce, sai wasunsu suka ce an koma baya ne an canza tarihi.

To 'yar uwa, babu injin da ke komawa jiya. Amma ɓarayin jiya akwai su, har uku ma, kuma ba sai mun je Amurka ba. Mu tsaya nan ƙasar Sakkwato, tsakanin Boɗinga da Shagari, za mu gan su duka.

Ɓarawo na farko shi ne lissafi. Shekarar Hijira ta wata ce, ta gaza shekarar Bature da kamar kwana 11. Idan aka yi shekara 33, an sami ratar shekara guda ke nan. Ɗauki Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a Fabrairun 1925, ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018. A lissafin Bature shekararsa 93, a lissafin wata kuwa 96. Kin ga shekara uku sun shiga tsakani, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Haka nan idan kakarki ta faɗi shekarunta, takardar asibiti ta faɗi wasu, kada ki yi saurin cewa ta ruɗe. Su kansu Turawan sun taɓa tsallake kwanaki. A 1582 mutanen Italiya da Sifen sun kwanta ranar 4 ga Oktoba, suka tashi ranar 15, domin gyaran kalanda. Ba a ɓoye aka yi ba, shela aka yi.

Ɓarawo na biyu yana cikin kanmu. Ita ƙwaƙwalwa ba adaka ba ce da za ki ajiye zane ki dawo ki same shi yadda kika ninke. Duk lokacin da kika tuno abu, sai ta ɗan rage nan, ta ɗan ƙara can. Tambayi yarinyar makaranta ina Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan jihadi, nan take za ta ce Sakkwato. Gaskiya ne can ya rasu a 1817, can kuma Hubbarensa yake. Amma bayan an ci Alƙalawa a 1808, Sifawa ya koma, wadda ke ƙasar Boɗinga, ya yi kamar shekara biyar yana karantarwa yana rubuta littattafai. Bai shiga Sakkwato da zama ba sai 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Wa ya cire Sifawa daga bakin mutane? Babu kowa. Sunan babban gari ne ya haɗiye na ƙarami.

Ɓarawo na uku shi ne mai haɗari, don shi da gangan yake yi. Kudu da Sakkwato, tafiyar kamar mil 14, an yi wani gari ana ce masa Satiru. Talakawa ne da malamai da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. Shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, mutanen garin suka yi bore da sunan Mahadi, a ƙarƙashin Malam Isa da wani malami Bazabarme mai suna Ɗan Makaho. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 aka tura musu sojan doki. Mutanen da ke riƙe da gatura da fartanyu da kwari da baka suka tarwatsa su, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, har suka ƙwace bindiga mai ruwa.

Abin bai yi wa Gwamna Lugga daɗi ba. Ranar 10 ga Maris aka dawo da runduna babba, tare da mahayan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu. Aka kashe mutum kamar 2,000. Aka kwashi mata da yara kusan 3,000 aka kai Sakkwato, da yawansu aka rarraba su gidajen manya. Aka ƙone garin ƙurmus, aka rushe, Sarkin Musulmi ya yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ɗan Makaho kuma aka kashe shi a Sakkwato.

Ki tsaya ki yi tunanin matan nan. Kowacce tana da suna, tana da ɗaki, tana da tukunya a murhu ran da abin ya faru. Ta tsufa a gidan wani, ta haifi 'ya'yan da watakila ba ta taɓa gaya musu daga ina ta fito ba, don tsoro ko don kunya. Wata ma tana iya zama kakar kakar mai karanta wannan takarda. Wannan ita ce satar jiya ta gaskiya. Ba a bukaci inji ba, wuta da takobi da shiru suka isa. Abin da muka sani yau ma, yawancinsa daga rahoton Turawan da suka yi aikin ne, sai abin da masu bincike suka tsinta daga bakin tsofaffi. In ba a rubuta ba, da ya tafi.

Shi ya sa nake jinjina wa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ba ta bar tarihin gidansu ga bakin maza kaɗai ba. Ta tsara shi a waƙa, ta rubuta da Fillanci da Hausa da Larabci, ta kuma naɗa jajoji suna kai karatu ga matan ƙauye, waɗanda ake kira 'Yan Taru. Abin da ta rubuta yana nan, babu mai iya komawa baya ya goge shi.

Don haka 'yar uwa, idan tunaninki ya saɓa da takarda, fara duba lissafi, sannan ki tuhumi mantuwa, daga nan ki tambaya ko akwai wanda shirun zai amfana. Kuma ki sayi littafi mai bango, ki ajiye a ƙasan adaka. Rubuta ranar haihuwar kowane ɗanki, ta Hijira da ta Bature. Rubuta ranar aurenki da sadakinki, da iyakar gonar gado da sunayen shaidu, don ranar rabo ba a shari'a da "na tuna". Ki zauna da kakarki tun tana da rai, ki tambaye ta sunan uwarta da garin da aka ɗauko ta, ki rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara mata.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda aka ɓatar mana. Amin.