Sanƙarau Da Darasin Da Ya Bar Wa Ƙasar Daura

Yau tarihin wata annoba zan ɗan waiwaya, don Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

A shekarar 1996 sanƙarau ya afka wa Arewacin Nijeriya, ya kama mutum fiye da 100,000, ya hallaka sama da 11,000. Ƙasar Daura, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, tana cikin yankin da wannan cuta ke zagayowa daga hunturu zuwa zafin bazara, ga kuma iyaka da Nijar inda jama'a ke kai da kawowa kullum. Ciwo kuwa ba ya tsayawa a Kwangwalam a duba masa takarda.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, ba likita ne ke fara ganin annoba ba. Malamin asibitin ƙauye ne, ko nas, ko ungozoma. Shi za a kawo wa yaro da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jariri da maɗiga a kumbure. In an koya masa ya gane alamun, ya fara magani, ya aika rahoto ƙaramar hukuma a ranar, an tsere wa cutar da makonni. In ba a koya masa ba, sai maƙabarta ta ba da labari.

Wannan tunani ne taron Alma-Ata na 1978 ya kafa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗabbaka shi da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, kuma irin waɗannan ma'aikata ne Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Daura ke yayewa.

Wani zai ce ai yanzu akwai rigakafi. Haka ne. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijeriya a 2011 ta karya lagon nau'in A. Amma a 2017 sai nau'in C ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Katsina, allurar ba ta tare shi ba. Sai a 2024 Nijeriya ta fara amfani da wadda ke tare nau'i biyar.

Don haka nake ganin a riƙa sabunta wa ma'aikatan nan horo kowace kaka, kafin iskar hunturu ta kaɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyaye mu, amin.